Guga Guda Kafin Bikin Najla

Asabar, 26 ga Afrilu, 2025

An sa ranar Najla. Ƙarshen Agusta, in Allah Ya kai mu. Tun hantsi gidan nan yake cike da guɗa, ni ma na yi har muryata ta dishe, ni da kullum nake hana ɗalibaina ihu a aji. Yarinyar da na goya ina 'yar sakandare, wai ita za a kai ɗaki.

Sai da baƙi suka watse ubanta, Yaya Sagiru, ya fito da tasa maganar. (Mai Tifa nake kiransa a nan, tunda ba ya leƙa littafin nan.) Ya tsaya a tsakar gida da hannuwa a baya yana auna fili da ido. Wai kafin biki sai ya shimfiɗe gidan kaf da intalok, bulon daɓen nan na zamani, daga bakin get har bayan kicin, a samu wurin kafa rumfuna. Rijiya kuma a zuba mata yashi a cike ta, tunda yashin nasa ne, tifofinsa ne ke kwaso shi daga kogi.

"Ramin banza ne, Hajiya. Damina biyu ko ɗigo ba ta kawo ba. Ga yara za su cika gida ranar biki."

Hajiya ta mayar da goron da ta ɗauko cikin gefen mayafi, ta tashi ta shiga ɗaki.

Na san abin da ke ran uwata. Marigayi Baba ne ya sa aka haƙa rijiyar nan shekarar da suka tare a Nassarawa, kuma duk amaryar da ta fita daga gidan nan da ruwanta aka yi mata wanka. Gwaggonninmu, yayyena mata, ni ma, ko da yake nawa auren bai yi tsawon rai ba, kuma ba laifin rijiyar ba ne. Najla ce jika ta farko da za a aurar. Hajiya tana so ta fita da ruwan gidansu a jikinta, shi ke nan, ba wani sirri a ciki.

Da la'asar na ɗaga murfin na jefa tsakuwa. Ƙwas, kamar a kan daɓe.

Talata, 29 ga Afrilu

Darasi mai daɗi yau da 'yan aji biyar. Na kai musu baho biyu, ɗaya na cika shi da yashi, ɗaya babu komai, na karkata su, muka zuba ruwa. Na wofin nan take ruwansa ya gangare ya jiƙa mana safa. Mai yashin kuwa ya riƙe nasa, yana saki kaɗan-kaɗan har aka kaɗa ƙararrawa. Na ce musu haka kogi yake, yashin da ke kwance a cikinsa shi ne randarsa. Da rani in kun ga kogi ya bushe a ido, ruwa na nan a ƙarƙashi, daga nan rijiyoyin bakin kogi suke sha. In aka kwashe yashin, an fasa randar.

Nabiha, wadda bakinta ba ya jiran izini, ta ce, "Malama Safiya, ba yayanki ne mai tifofin nan masu shuɗin kai ba?"

Aji ya kwashe da dariya. Na ce shi ne, kuma na daɗe ina faɗa da shi a kan haka, har na yi alkawarin ƙafata ba za ta taɓa taka tifarsa ba. Na ƙara musu da cewa yashin nan sau biyu ake hana ƙasa ruwa da shi: a kogi in an ɗebe shi, a gari kuma in an kwaɓa shi da siminti an rufe tsakar gida. Kowa a unguwarmu ya daɓe gidansa, kowa ya haƙa burtsatse yana zuƙa, ruwan sama kuma ya bi kwata ya tafi. Ana ɗiba, ba a mayarwa. Na ba su labarin rijiyar Hajiya, ban ma san ya aka yi ya fito daga bakina ba.

Sai Muhibba, wadda sai ka kasa kunne kake jin muryarta, ta ɗaga hannu. "To Malama, ai kin ce yashi yana riƙe ruwa. Me zai hana a sa shi ya mayar?"

Na tsaya da alli a hannu. Na sha karanta ramin shayar da ƙasa a littafi, na ma taɓa kawo shi a jarrabawa. Ban taɓa tunanin tsakar gidanmu ba. Yarinyar nan, Allah Ya yi mata albarka!

Juma'a, 2 ga Mayu

Na tare Mai Tifa bayan ya ci dambun Juma'a, lokacin da ya fi sauƙin kai. Na zana masa a ƙasa da tsinke. Rami a gefen rijiya, ba a cikinta ba, kuma nesa da masai. A jera manyan duwatsu a gindi, tsakuwa a kai, yashi a sama. Ruwan da ke zubowa daga indararo yana bin gangaren tsohon daɓe ya fita titi ta rariya. To a toshe rariyar, ya juyo cikin ramin, ya tace, ya nutse. Ƙasa ta sha, rijiya ta sha daga ƙasa.

Ya ce, "Wato ni na ce a cike rami ɗaya, ke kin zo mini da na biyu."

Na ce ya ba ni damina ɗaya.

Ya ce masu intalok sai sun samu lokaci kafin biki, don haka tsakiyar Agusta ce iyakata. Ranar zai zura guga da hannunsa. In ya fito cike, rijiya ta tsira, a yi mata murfin ƙarfe mai kwaɗo saboda yara. In bai cika ba, tifa ta shigo, kuma kar in ƙara cewa uffan.

Na ce na yarda, amma tsakuwar da yashin shi zai kawo.

Ya yi dariya har da buga cinya. "Yashin haram ɗin nawa?"

Ni ban taɓa cewa haram ba. Ɓarna na ce.

Da na shiga ɗaki Hajiya ta ce, "Me Baban Najla ya ce?" (Ɗan fari ne, har yau ba ta kama sunansa.) Na ce ya ba mu zuwa Agusta, guga guda yake nema. Ta ce, "Guga guda ai ya ishi wanka in an iya." Ta ciro goron nan ta gutsura.

Asabar, 10 ga Mayu

Leburori sun gama haƙa jiya. Yau 'yan matana suka zo a motar makaranta, da izinin shugaba da na iyaye, kowa da tsohon takalmi. Aƙilu maigadinmu ya buɗe musu get yana ta kallo, wai tunda yake bai taɓa ganin an kawo 'yan boko aikin lebura ba.

Su suka wanke tsakuwa a baro, su suka miƙa duwatsu hannu da hannu. Nabiha ta naɗa kanta shugabar aiki ba wanda ya zaɓe ta, tana tsaye a bakin rami tana ba da umarni, tafin hannunta fes. Muhibba ta ce mata, "Injiniya, ko cokali ne ki ɗauka mana." Ashe yarinyar tana da baki!

Najla ta fito musu da zoɓo mai sanyi, tana cewa wai duk wahalar nan don a wanke ta ce, ita fa kullum tana wanka. Hajiya daga kan kujerarta ta ce, "Wankan famfo? Shi ya sa har yau ba ki yi haske ba." Suka yi ta yi, jika da kaka.

Tifar yashi ta zo da azahar. Direban ya ce Alhaji da kansa ya zaɓa, mai garas-garas, ya hana a ɗebo mai laushin nan na filasta wanda zai toshe. Ban yi tsammani ba.

A ƙarshe muka toshe rariya da buhun yashi, muka danne da bulo. 'Yan mata suka yi tafi. Bayana kamar ba nawa ba, amma raina fes.

Laraba, 21 ga Mayu

Zafi. Hadari ya haɗu ta gabas, ya yi ta cika baki, ya watse. Kullum 'yan aji biyar sai sun tambaye ni labarin rami kamar ana tambayar lafiyar jariri.

Juma'a, 6 ga Yuni

Babbar Sallah. Wuni na yi ina gadin rami kamar 'yar sanda, kada wani ya zuba mini ruwan wankin nama.

Alhamis, 12 ga Yuni

Ruwa! Muna tsakiyar darasi ya sauko, kwanon rufi ya ɗauki ƙara, babu wadda ta ƙara jin abin da nake faɗa, ni ma ban ji kaina ba. Muka fito baranda muna kallo. Nabiha ta ce, "Malama, yanzu haka rijiyar Hajiya tana buɗa-baki."

Na dawo gida ko jaka ban ajiye ba na wuce baya. Tsakar gida tas, ba alamar ruwa ya taru. Yashin ramin ya jiƙe a sama, na tura yatsa, ƙasansa busasshe. Buhu da bulo suna nan a bakin rariya yadda muka bar su. To ina ruwan ya bi?

Wataƙila a nan bai yi ƙarfi kamar wajen makaranta a Badawa ba.

Talata, 24 ga Yuni

An sake yin ruwa mai kyau. Na rana yana samuna a makaranta, na dare ina barci, kuma kullum abu ɗaya nake tararwa. Tsakuwa a rijiya, ƙwas.

Na sake duba gangaren daɓe. Na zuba bokiti daga gindin indararo, ya bi hanyarsa, ya tarar da rariya a toshe, ya juyo ya shige rami lafiya lau. To me ke faruwa?

'Yan mata na tambaya, ina cewa a yi haƙuri, ƙasa ba ta gaggawa. Muhibba ba ta tambaya, kallona kawai take yi. Wannan ya fi damuna. Ita ta kawo shawarar, tana ganin kamar ita ta ja ni cikin jin kunya.

Litinin, 7 ga Yuli

Mai Tifa ya kawo samfurin intalok kala-kala ya jera a gindin rijiya, wai Hajiya ta zaɓa. Ta ce yau idonta ba ya gani sosai.

Asabar, 12 ga Yuli

Sai na rubuta a hankali don har yanzu dariya ba ta sake ni ba.

Yau ne karo na farko da ruwa ya same ni a gida ido biyu. Ina kicin da hantsi ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Na ruga taga. Ga shi yana zubowa daga indararo, yana taruwa, yana juyowa wajen rami yadda na zana. Sai na ji muryar Hajiya daga baranda, muryar da na sani tun ina yarinya:

"Aƙilu! Rariya!"

Sai ga Aƙilu da buhu a ka, wando a naɗe, ya sheƙo a guje. Ya janye bulo, ya ɗage buhun yashi, har da zura sandarsa ya soka don ta buɗe sosai. Ruwan da nake ta jira tun Mayu ya yi waje, ya bi titi abinsa.

Na fita ba takalmi ba laima. "Aƙilu, me kake yi?"

"Rariya, Malama. Hajiya ce ta ce."

"Kullum haka kake yi?"

"Kullum. In da dare ne a waya take kirana. Amma ina mayar miki da kayanki daidai yadda kika ajiye, ko kaɗan ba na gocewa."

Wallahi da alfahari ya faɗa.

Na juya wajen Hajiya ina ɗiga. Ta ce, "To in bar ruwa ya shigar mana ɗaki? Tun ran da ya ci mana buhunan shinkafa a sito mahaifinku ya ce da an ga hadari a duba rariya." Abin da ya faru ban ma shiga firamare ba! Na ce, "Hajiya, ruwan nan fa shi ne na wankan Najla. Shi muke roƙon rijiya ta sha."

Ta kalli rariya, ta kalli rami, ta kalli rijiya. Ashe a tunaninta ramin abin da ya faɗo a bakinsa daga sama kawai yake sha, buhun kuma don ɓeraye muka sa. Na yi wa aji guda bayani, na yi wa Mai Tifa zane a ƙasa, mai rijiyar ce kaɗai ban zaunar ba.

Sai ta ɗaga murya fiye da ɗazu: "Aƙilu! Toshe! Tsayuwar me kake yi?"

Bawan Allah ya ce, "Ikon Allah," ya mayar da buhu. Ni da shi muka danne da bulo, muka tsaya cikin ruwa har idon sawu muna kallon yadda yake juyawa yana shigewa yashi da 'yar ƙara kamar mai kurɓar koko. Dariya ta kama ni, ta kama Aƙilu, Hajiya tana rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa.

Litinin, 14 ga Yuli

Na ba 'yan aji biyar labari. Nabiha sai da ta zame daga benci. Yanzu duk wadda ta yi kuskure a allo sai aji ya ɗauka, "Rariya!" Muhibba ta yi murmushi har haƙoranta suka fito, rabon da in ga haka tun watan jiya.

Abin da ban faɗa musu ba, farkon damina ya tafi a titi, kuma Agusta ta matso.

Laraba, 23 ga Yuli

Hajiya ta zama sarkin rami. Da an ga hadari take sa a share tsakar gida tas, ta hana kowa zubar da ruwan wanki a daɓe. Bayan kowane ruwa Aƙilu yana kankare lakar da ta kwanta a saman yashi yadda na nuna masa, ita kuma tana tsaye a kansa tana nuna inda ya bari.

Yau ta kira maƙwabciyarmu Hajiya Fiddausi ta zo ta gani. Ta yi mata bayani tiryan-tiryan, har da randar kogi, kamar ita ta koya mini. Hajiya Fiddausi ta ce su ma burtsatsensu tari yake yi da rani, za ta yi wa maigidan magana. Ina labe a kicin ina jin daɗi.

Alhamis, 31 ga Yuli

An yi hutu. Ruwan safiyar yau ya fi ƙarfin ramin, ya taru har ya taɓa matakalar sito. Na tsorata, Hajiya ma na ga bakinta yana motsi, amma ta daure ba ta kira Aƙilu ba.

Mai Tifa ya zo ya tarar, na shirya shan faɗa. Bai yi ba. Ya cire takalmi, ya naɗe wando, ya zaga ramin, ya ce bakinsa ya yi ƙanƙanta, a faɗaɗa, zai aiko da ƙarin tsakuwa. Muka kuma bar 'yar kafa a saman buhun, in ruwa ya yi yawa ya fita da kansa kafin ya kai sito.

Muna tsaye sai ya ce, ba ni yake kallo ba, "Da na fara aikin nan, da hannu yara ke tona yashi a kogin su sha. Yanzu sai mutum ya shige rami har wuya." Ya ce matan ƙauyen da suke ɗibar yashi a gefensa sun daina yi wa direbobinsa sannu.

Na buɗe baki zan ce ai na faɗa maka. Na rufe. Ban san me ya hana ni ba.

Talata, 5 ga Agusta

Na jefa tsakuwa. Ba ƙwas ta ce ba, caɓ ta ce! Laka! Na yi ta jefawa har Hajiya ta ce in na cike ta da duwatsu ai na hutar da Baban Najla.

Lahadi, 10 ga Agusta

Da rana tsaka in ka leƙa sosai akwai wani ɗan haske can ƙasa kamar madubin jaka. Na kira Muhibba a wayar mahaifiyarta. Sai na ji tana "Umma! Umma!", ta manta da ni a kan layi.

Gaskiya ban san nawa ne na raminmu, nawa ne na daminar bana mai albarka ba. Malamar da ke cikina tana so ta sani. 'Yar Hajiya ba ruwanta.

Asabar, 16 ga Agusta

Ranar guga.

Na gayyaci Nabiha da Muhibba. Masu intalok suna waje da motarsu, bayansu tifa cike da yashi, direba ko inji bai kashe ba. Hajiya ta sa aka fito mata da kujera, Najla ta tsaya a bayanta ta dafa mata kafaɗa.

Mai Tifa ya karɓi babban gugan robar nan na tun zamanin Baba. Ya yi bisimilla ya zura. Igiya ta yi ta tafiya. Muka ji ya taɓa. Ya girgiza, ya jira, ya sake girgizawa, ya jawo.

Rabi. Rabin ma sai an yi masa kara. Ruwa ja-ja da 'yar laka a gindi, amma ruwa.

Hajiya ta sunkuyar da kai tana jan carbi. Alkawari na yi ba zan ce uffan ba, kuma ban ce ba.

Mai Tifa ya daɗe yana kallon cikin gugan. Ya tsoma hannu ya shafa a fuska. Sai ya ce, "Aƙilu, wa ya ɗauko wannan? Wannan ai na shayar da shanu ne. Ina ƙaramin nan da kake wanke mota da shi?"

Aƙilu ya kawo ɗan bokitin fenti. Mai Tifa ya kwance igiya ya ɗaura masa, ya sake zurawa. Ya fito cike har yana zuba.

"Guga na ce. Ban faɗi girmansa ba."

Guɗar da Hajiya ta rangaɗa, ban san tana da sauranta ba. Nabiha da Muhibba suka rungume juna suna tsalle, Najla tana kuka tana dariya. Mai Tifa ya fita ya sallami tifar. Intalok daga get zuwa baranda kawai za a yi, nan za a kafa rumfuna, kuma na ji yana gaya wa masu aikin su karkata gangaren wajen rami. Har daɓen gindin mangwaro ya ce a fasa.

Na ce, "Yaya, na gode."

Ya ce, "Ki gode wa mai bokitin fenti."

Juma'a, 22 ga Agusta

An sa murfin ƙarfe da kwaɗo, makullin yana ɗaure a gefen zanen Hajiya. Na kai ruwan wajen wata ƙawata mai aiki a ɗakin gwaji, ta ce wanka da ban-ruwa lafiya lau, sha kuma a dakata tukuna. Ya ƙaru, ya fara washewa. Yau babban gugan ma ya kusa cika, amma ban gaya wa kowa ba, kada a ɓata wa ƙaramin suna.

Lahadi, 31 ga Agusta

An kai Najla. Ƙafafuna sun kumbura, murya kuma babu.

Jiya da la'asar aka yi wankan. Inna Ma'u alwanka, wadda ta wanke mu duka, ta zo da sandarta da kwandon turarukanta. Hajiya ta ce ba wanda zai ɗebo ruwan sai mu mata. Ni na ja igiya, ita ta riƙe ƙarshenta a cinya, wai tana taya ni. Da aka ajiye wa Inna Ma'u ta sunkuya ta shinshina, ta ce, "Shi ne. Ƙamshin ƙasar gidan nan ban manta shi ba." Ta kalle ni ta ce, "Ke ce kika fi kowa kuka ran naki." Sai da ta faɗa a gaban ɗalibaina!

Najla mai cewa kullum tana wanka, da aka zuba mata ƙwaryar farko sai ta fashe da kuka ta ƙanƙame Hajiya, ta jiƙa mata sabon leshi. Hajiya ta ce, "To, ga shi kin fara haske."

'Yan aji biyar sun zo da ankonsu. Hajiya ta kama hannun Muhibba tana zagawa da ita cikin manyan mata, "Ga wadda ta kawo mana ruwan." Yarinya kamar ta nutse. Nabiha tana biye da su tana cewa ita ce injiniyar.

Da yamma aka ɗan yi yayyafi, mutane suka ruga ƙarƙashin rumfa. Na ga Aƙilu ya kalli Hajiya, ita ma ta kalle shi. Ba wanda ya motsa.

Asabar, 13 ga Satumba

Yaya ya ce in raka shi kogi in duba masa wasu tsofaffin ramuka da suka daina ɗiba a ciki, can sama da ƙauyen. Yana so ya ji ko za a iya gyara bakinsu su riƙa tare ruwan damina su shayar da rijiyoyin mutane, maimakon su zauna haka. Ya yi magana da mai unguwa, ya kuma ce zai gwada shawo kan sauran masu tifa a bar wani yanki na kogin ya huta. Ban san ko za su ji ba. Shi ma bai sani ba.

Hanyar ta lalace da damina, ƙaramar mota ba ta shiga.

Mun wuni can. Biyu daga cikin ramukan za su yi, in an killace saboda yara da dabbobi. Wata tsohuwa ta nuna mini rijiyarsu, na jefa tsakuwa, na ji sautin da na sani. Yaya yana tsaye a gefe da hularsa a hannu. Na gaya masa aikin ya fi na tsakar gida nesa ba kusa ba, sai an nemo masana na gaske, kuma ramuka ba za su maye yashin da aka kwashe ba. Ya ce ya sani. Ya ce in an fara in zo da 'yan matana.

Ban fasa cewa ɓarna ce ba, na ma sake faɗa masa a hanyar dawowa, ya ce ya ji.

Ya ce in Nabiha ta ji a me na je, na shiga uku. Ai ba wani abu ba ne don na hau tifa, hanya ce ba kyau. Kujerar ma ba daɗi, ga tsayi, sai da Yaya ya miƙo mini hannu. Ana dai ganin nesa daga ciki.

Na manta laimata a can. Ban ce a kawo mini ba.